Cekin da Bai Sha Mai Ba

Duk wanda ya san unguwar Kusugu a Daura ya san gidan Hajiya Kulu, wanda bai san ƙofar ba kuwa hancinsa ya ishe shi ɗan jagora. Tun da hantsi ƙamshin soyayyiyar gyaɗa yake fitowa ta zaure ya bi lungu, har masu wucewa a kan babur su riƙa waiwaye. Shekara talatin da 'yan kai tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ba a taɓa jin an ce ta tauye kwalba ko ta surka mai ba. Amma fa akwai maƙo, wannan kam ko a gabanta sai a faɗa. Kulu ba ta yar da komai. Ledar da aka sayo gishiri a ciki wankewa take yi ta shanya. Tsofaffin takardun jarrabawar jikokinta, kalandar bara, katin gayyatar biki, duk tarawa take a wani kwando a gindin murhu, da su take ƙunshe wa mutane ƙuli. In an yi mata tsiya sai ta ce, "Abin da ka yar yau, gobe da kuɗinka za ka saye shi."

Wannan halin ne ya sa matan unguwar suka naɗa ta ma'ajiyar ƙungiyarsu. Su ashirin da uku ne, duk masu ƙuli, kuma shekara huɗu suna zubi duk ranar Juma'a da buri guda: su sayi injin matsar mai. Wanda bai taɓa murza tunkuza a turmi ba, ana zuba ruwan zafi ana juyawa har mai ya taso, ba zai gane dalili ba. Aiki ne da yake cinye kafaɗa da ƙugu, mace tana 'yar arba'in ta koma tafiyar 'yar sittin. Suka buɗe asusu a wani banki da ke bakin babban titi, suka ce hannun Kulu kaɗai ya isa, don sun san wadda ba ta iya yar da leda ba za ta yar da kuɗinsu ba.

Ita kuwa ta ɗauki abin da girma. Sai da ta haura arba'in ta koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, don haka sa hannunta abin alfaharinta ne. In za ta yi shi sai ta gyara zama, ta goge hannu da gefen zani, ta ciji leɓe, ta ja layin ƙarshe da wata 'yar jela mai lanƙwasa. Illa ɗaya ce. Shekara biyu da suka wuce, tana dawowa daga kasuwar Mai'aduwa, galan ɗin mai ya yi yoyo a cikin jakarta, ya jiƙa kusurwar littafin cek ɗin ƙungiya. Man ya ratsa tun daga bango har takardar ƙarshe, ya bar tabo mai siffar kunnen akuya a kowane shafi. Mansur, kashiyan da yake yawan sallamarta, ya ce ta karɓi sabon littafi. Da ta ji akwai kuɗin da za a cire, sai ta ce Allah ya kiyaye, kuɗin mata ne, kuma mai ba najasa ba ne.

To, ranar wata Litinin Kulu ta ci ado, sabuwar atamfa da mayafi, ta doshi banki. Kuɗi sun kai miliyan biyu da dubu ɗari uku, injin kuwa miliyan biyu da dubu ɗari ɗaya, mai sayarwa yana jira a Kano. Tafe take tana murmushi ita kaɗai.

"Hajiya, tun kina wajen mai gadi na jiyo ƙamshin cekinki," in ji Mansur daga bayan kantar banki.

"Ka ji ɗan nema! Ango ka sha ƙamshi, ina amarya? Ungo, kai mata." Ta tura masa ƙullin ƙuli, don satin nan ya dawo daga hutun aurensa. "Yau ranar injin ce, ɗan nan. Yi maza ka duba."

Mansur ya karɓi cekin yana dariya, ya danna na'ura. Dariyar ta tsaya masa a fuska. Ya sake dannawa, ya matso da ido.

"Hajiya, abin da ke ciki dubu ɗari huɗu ne."

"Sake dubawa dai. Angonci ya taɓa maka ido."

"Wallahi dubu ɗari huɗu ne. An cire miliyan ɗaya da dubu ɗari tara da cek, kwana goma sha biyu da suka wuce. Ba ki ga saƙo a waya ba?"

Ina za ta gani? Wayar Kulu cike take da saƙonnin kamfani na tallan waƙa da kati, ta daɗe da daina buɗe ko ɗaya. Ta dafa kantar da hannu biyu. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," har sau uku.

Aka shigar da ita ofishin manaja, wani dogo mai tabarau da ake kira Malam Abdulbaƙi. Mutum ne mai fara'a da sanyin murya, irin waɗanda za su gaya maka baƙar magana ka yi musu godiya. Ya sa aka kawo mata ruwan sanyi, sannan ya miƙa mata hoton cekin da aka gurza a takarda, baƙi da fari.

"Hajiya, wannan sa hannun wa ne?"

Ta duba. Ga sunanta, ga jelar nan mai lanƙwasa, kamar yanzu ta ɗaga biro. "Ya yi kama da nawa, ranka ya daɗe. Amma ni ban rubuta wa kowa wannan kuɗin ba. Wane ne ma wannan Alhaji wane da aka rubuta? Ban taɓa jin sunansa ba."

"Lambar cekin goma sha huɗu ce. Buɗe littafinki mu ga ta goma sha huɗu."

Ta buɗe. Ga ta sha uku an cire, ga ta sha biyar da ta rubuta yau. Ta sha huɗu babu, sai ɗan gindinta da yake saura a jikin littafi in an yage. Nan take abin ya faɗo mata. Watan jiya ta tashi cire kuɗin rajistar ƙungiya, ta riga ta sa hannu, sai ta yi kuskure wajen rubuta adadi. Ta yage takardar ta rubuta wata daga baya... a'a, ba ta ma rubuta watan ba, an ɗage rajistar. Takardar da ta lalace kuwa?

"Na ɓata ta ne wajen rubutu, na yage," in ji ta.

"Madalla. Tana ina?"

Kulu ta dubi silin, ta dubi kofin ruwa. Ƙarya ba halinta ba ce, ko da gaskiyar za ta tsinka ta. "Na jefa ta a kwandon takardu," ta ce a hankali. "Ina jin na ƙunshe wa wani ƙuli da ita."

Malam Abdulbaƙi ya cire tabarau ya goge, ya yi tarin da ba na mura ba. Ya ce, "Hajiya, kin ga inda gizo yake saƙar. Takardarki ce, hannunki ne. Wanda ya sayi ƙulin ya samu cek da sa hannu a kai, ya goge adadin ya rubuta abin da yake so. Mu abin da aka kawo mana muka biya. Muna jajanta miki ƙwarai, amma sakacin daga wajenki yake."

Ta fito daga bankin ba ta ko ga Mansur da yake ɗaga mata hannu ba.

Labari irin wannan ba ya jiran a aike shi. Kafin la'asar matan sun cika tsakar gidanta, wasu da goyo, wasu hannu duk tunkuza. Kulu ta tsaya a gabansu ta faɗi komai, ba ta rage ko ƙwayar gyaɗa ba, har zancen kwandon. Wasu suka yi salati, wasu suka fashe da kuka, don akwai wadda kuɗin cefanenta take tsakura ta yi zubi. Sai Zinariya ta miƙe. Zinariya ita ce ta biyu a girma a ƙungiyar, mace mai ƙwazo da tsabtar sana'a, sai dai harshenta ko reza ta shafa masa lafiya.

"To, mun ji," in ji ta, ta riƙe ƙugu. "Ashe ƙulin naira ɗari biyu yanzu da gyaran miliyan biyu ake bayarwa! Ni dai ban ce komai ba. Amma wadda ba ta taɓa ɓatar da allura ba, a ce ta ɓatar da cek da sa hannu? Biri fa ya yi kama da mutum. Kuma na ga an sauke bulo a ƙofar gidan nan makon jiya."

"Bulon na maƙwabta ne, Zinariya, kin sani," wata ta ce.

"Na ce wani abu? Bulo na ce na gani."

Kulu ta ji maganar har cikin ƙashinta. Asarar kuɗin ta yi mata ciwo, amma wannan ta fi. Shekara talatin tana gina suna ɗaya, mai gaskiya, shi kaɗai ne abin da take taƙama da shi a garin nan, ga shi ana watsa masa ƙasa a tsakar gidanta. Ta haɗiye hawaye, don ta rantse Zinariya ba za ta gan su ba. Ta ce, "Ku ba ni wata guda. In kuɗinku bai dawo ba, gonata ta gado da ke hanyar Baure zan sayar in biya ku har sisin kwabo. Amma ku sani, ko na biya, ban ci ba."

Matan suka watse jiki a sanyaye. Kwana uku ba a jiyo ƙamshin gyaɗa a lungun ba.

Ranar Juma'a sai ga Rauda ta sauka daga Katsina. 'Yar ƙanin Kulu ce, lauya, 'yar siririya mai saurin magana, wadda Kulu ta goya tana jaririya kuma har yau take yi wa kallon ba ta ƙoshi. Ta zauna a bakin tabarma ta saurari labarin. Da aka zo wajen kwandon sai ta ɗora hannu biyu a ka.

"Haba Gwaggo! Cek? Cek kika ƙunshe ƙuli da shi?"

"To takarda ce mai kauri, ba ta yoyo. Ke dai faɗa mini, akwai mafita ko in nemo dillalin gona?"

Rauda ta yi dariya duk da ba ta so ba, sannan ta gyara zama. "Bari in kwatanta miki. A ce kin ba fatoma, mai masaukin 'yan kasuwa, ajiyar buhunan gyaɗa, kin ce kada ya ba kowa sai da izininki. Wani ya zo da takardar ƙarya ya ce ke kika aiko shi, fatoma ya ɗauka ya ba shi. Gyaɗar wa ya bayar?"

"Tasa mana! Ni tawa tana nan, ya fito mini da ita."

"To haka doka ta ɗauki banki. Umarninki kaɗai aka ce ya bi. In cekin jabu ne, ba umarninki ba ne, kuɗinsa ya biya ba naku ba, dole ya mayar. Amma fa in takardarki ta gaskiya ce mai sa hannunki aka goge aka sake rubutu, to a nan akwai ja, don za su tsaya a kan sakacinki. Me suka nuna miki?"

"Hoto, a farar takarda."

"Hoto? Ba su ba ki ainihin cekin kin riƙe ba? Sun kira ki a waya kafin su biya kuɗi mai yawa haka?"

"Ko fulashin."

"To ranar Litinin za mu koma. Zan rubuta musu su fito da ainihin takardar, da duk cekunan da kika taɓa kai musu."

Kulu ta yi ɗan tunani ta ce, "Da Zinariya za mu."

"Gwaggo, ita da ta zage ki?"

"Saboda haka ne ma. In an wanke ni ta gani da idonta, in an kama ni ta huta da yawon ba da labari."

Zinariya ba ta yi gardama ba, ai abin nema ne ya samu. Ranar Litinin ta riga su shiri, ta yafa mayafinta na zuwa biki. Su uku suka shiga ofishin Malam Abdulbaƙi, ya tarbe su da fara'arsa ta kullum, ko da yake da ya ji Rauda lauya ce sai fara'ar ta ɗan rage faɗi. Aka yi turanci na ɗan lokaci tsakaninsa da ita, Kulu da Zinariya suna zaune kowa ta juya wa 'yar'uwarta ƙeya. Can aka kira Mansur, ya shigo da wani fayil, ya zaro cekin daga cikin leda ya ajiye a kan tebur.

"Ga shi nan, Hajiya," in ji manajan. "Duba da kyau, ba gaggawa."

Kulu ta goge hannu da gefen zani ta ɗauka. Rauda tana duban sa hannun, Zinariya ta leƙo tana duban adadin. Ita kuwa Kulu ba rubutun take kallo ba. Ta murza takardar tsakanin yatsu biyu, ta juya bayanta, ta ɗaga ta saitin taga. Sannan ta kai ta hanci ta shaƙa, kamar mai sayen daddawa.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "wannan takardar ba ta taɓa kwana a gidana ba."

"Kamar yaya, Hajiya?"

"Ta cika tsabta. Ina man?"

"Wane mai?"

Mansur ne ya fara ganewa. Ya bugi goshinsa da tafin hannu ya ce, "Kunnen akuya! Yallaɓai, wallahi gaskiyarta. Duk cekin Hajiya akwai tabon mai a kusurwar hagu. Shekara biyu ina yi mata tsiya a kai."

Kulu ta zaro littafin daga jaka ta baje a gaban manaja. Ta buɗe ta sha biyar, ga tabo. Ta sha shida, ga tabo. Ta kama shafukan ta saki suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya har bango, tabon yana nan wuri guda bai gusa ba. Sannan ta koma kan ɗan gindin ta sha huɗu, wanda ya saura a littafin. Rabin tabon yana jikinsa, ya zo daidai inda aka yage ya yanke.

"Ga rabin kunnen nan," in ji ta. "Sauran rabin yana jikin takardar da na yage. In wannan ce, ina nata rabin? Ko mai ma goge shi ake yi da magani? Ni shekara talatin ina neman abin da zai fitar da man gyaɗa daga zani ban samu ba, balle takarda."

Rauda ta ce a fito da tsofaffin cekunan. Mansur ya jera su a kan tebur, guda goma sha uku. Waɗanda aka rubuta bayan yoyon galan ɗin duk suna ɗauke da tabonsu, sun yi ɗan ja saboda daɗewa. A tsakiyarsu na sha huɗu yana zaune fari tas kamar baƙo a gidan biki. Malam Abdulbaƙi ya ɗauki ɗaya daga tsofaffin, ya waiwaya kamar mai jin kunya, ya kai hanci. Ya ɗauki na sha huɗun shi ma ya shaƙa. Sai ya ce wa Mansur ya kawo fitilar nan mai shuɗin haske da suke duba takardun kuɗi da ita.

Aka haska cekin Kulu mai maiƙo, wasu zare-zare da tambarin banki suka fito suna ƙyalli. Aka haska mai tsabtar, ko ɗigo. Takarda ce kawai aka buga da inji, aka kwaikwayi lamba da sa hannu. Ashe mutumin da ya sayi ƙulin ya ga takardar gaskiyar ta yamutse ta sha mai, ya ce wane banki ne zai karɓi wannan ƙazanta, ya je ya buga sabuwa fes. Wayonsa ne ya kayar da shi.

"Wa ya biya cekin nan?" Rauda ta tambaya.

"Sabon ma'aikaci ne, ya riƙe mini kanta ina hutun aure," in ji Mansur.

"An haska shi a fitila? An kira mai asusu?"

Malam Abdulbaƙi ya sake cire tabarau ya goge. Wannan karon ba tari. Ya ce, "Barista, ba sai mun ja zancen ba. Akwai matakan da ya kamata a bi ba a bi ba, kuma takardar ba tamu ba ce. Zan rubuta wa hedikwata yau. Shi kuma mutumin, muna da hotonsa a kyamara, za mu miƙa wa hukuma." Ya juyo wajen Kulu. "Hajiya, ki yi haƙuri. Na yi saurin yanke hukunci."

"Ba komai, ranka ya daɗe, ni ma ai da nawa. Amma ka faɗa da Hausa yadda wannan baiwar Allah za ta ji." Ta nuna Zinariya da haɓa ba tare da ta dube ta ba. "Na ci kuɗin mata ko ban ci ba?"

"Ba ki ci ba, Hajiya. Mu aka yaudara, kuma mu za mu biya."

Zinariya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

Kuɗin ba su dawo washegari ba, banki ai ba ya gaggawa in shi zai fitar. Sai da Rauda ta sake rubuta takarda biyu, Kulu ta yi sawu huɗu, dillalin gona ya zo sau biyu tana korarsa da muciya. A cikin kwanakin nan ta koyi buɗe saƙon waya, har na tallan waƙar ba ta bari. Ranar kwana na ashirin da uku, tana tsaka da kwashe ƙuli daga kasko, wayar ta yi ƙara. Ta karanta sau biyu, ta ƙirga sifilin da yatsa, sannan ta rangaɗa guɗar da sai da kajin maƙwabta suka watse. Ƙulin da ke kan wuta ya ƙone ƙurmus, kuma a karon farko a rayuwarta ba ta yi ƙorafin asara ba.

Injin ya iso daga Kano bayan mako biyu, a bayan a-kori-kura, an ɗaure shi da igiya kamar ragon layya. Aka kafa shi a wani shago kusa da gidan Kulu. Ranar gwaji duk matan suka hallara, aka zuba gyaɗa ta sama, ya yi gurnani, sai ga mai yana tsiyaya ta ƙasa, garai-garai, ba murza ba ruwan zafi. Wata tsohuwa ta dafa tata kafaɗar ta ce da ita, "Ke kuma kin huta." Aka yi ta dariya, wasu suna share ido.

Da hayaniya ta lafa, Kulu ta ɗaga hannu. Ta zaro sabon littafin cek da banki ya ba ta kyauta, an rufe tsohon. Fari ne ƙal, ko yatsa bai taɓa shi ba. Ta ajiye shi a kan wani turmi da aka kife.

"'Yan'uwa, ga amanarku," ta ce. "Kuɗi sun dawo, inji ya zo, alhamdulillahi. Amma ni na ƙunshe ƙuli da cekinku, wannan ba banki ba ne ya yi, ni ce. Kwandon nan na ƙone shi. Ku zaɓi wata ta riƙe, wadda hankalinku zai kwanta da ita."

Ba wanda ya san cewa daren jiya da wannan maganar ta kwana a ranta, kuma faɗarta ta fi mata sayar da gona wuya.

Sai Zinariya ta taso. Matan suka dubi juna, kowa ta ce yau kuma da me ta zo. Ta ɗauki littafin ta jujjuya shi, ta taɓe baki.

"Wannan ai irin na ɓarayi ne," in ji ta. "Ya cika tsabta."

Ta sunkuya ta tsoma yatsa a bokitin man farko, ta buɗe littafin, ta ɗiga a kusurwar hagu. Ta rufe ta danne da tafin hannu har sai da ta tabbata ya ratsa. Sannan ta kamo hannun Kulu ta damƙa mata.

"Yaya Kulu, bakina ne ya yi zancen bulo, shi ne kuma yake ba ki haƙuri a gaban kowa. Riƙe mana. Ba mu da wata."

Hawayen da Kulu ta rantse Zinariya ba za ta gani ba suka zubo, ba ta ko yi ƙoƙarin ɓoye su ba. Ta riƙe littafin da hannu biyu, ta duba tabon, ta ja hanci.

"Kin zuba da yawa," ta ce. "Rabin wannan ma ya isa. Mai fa kuɗi ne."